Littafin aiki: ƙananan halittun da ke zaune cikin soson Bahar Maliya

Lahadi, 8 ga Satumba 2024

Takardar izinin ɗibar samfur ta fito yau, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Aikin digirina na biyu ne, a wani ɗakin gwaji da ke gaɓar Bahar Maliya, arewa da Jidda. Abin da nake bi shi ne bakteriya da arkiya (wasu ƙananan halittu masu kama da bakteriya amma danginsu daban) da ke zaune cikin jikin soson teku.

Soson teku dabba ce, ba ta da dangantaka da soson wanka da ke yaɗo a kan danga. Ba baki, ba hanji, ba jijiya. Yana manne a jikin dutse ko murjani, yana zuƙar ruwa ta ƙananan ƙofofin jikinsa, ya tace abin da zai ci, ya fitar da ruwan ta babbar ƙofa. An san nau'i fiye da 9,000, kuma danginsa sun haura shekara miliyan 500 a cikin teku. Abin da ya ja ni gare shi ke nan: dabbar da bakteriya ne abincinta, ga ta kuma ɗauke da wasu bakteriya a cikin tsokarta da ba ta narkar da su. A wasu nau'o'in, waɗannan baƙi sukan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na jikin soson.

Masana sun raba soso gida biyu. Akwai masu cunkoson ƙwayoyi, inda giram ɗaya na tsoka kan ɗauki ƙwaya miliyan 100 zuwa biliyan 10. Akwai masu ƙaranci, waɗanda yawan nasu bai wuce na ruwan teku da nisa ba. Na zaɓi ɗaya daga kowane gida: Xestospongia testudinaria, ƙaton soso mai siffar ganga, daga gidan cunkoso, da Stylissa carteri, ruwan lemo mai laushi, daga gidan ƙaranci. Dukansu suna nan a tekunmu, sau da yawa ma a kan tudun murjani guda.

Tambayata biyu. Ruwa ne ke zuba wa soso duk abin da ya ɗauko, ko soson ne ke zaɓar wanda zai zauna? Sannan in an ga ƙwaya mai suna ɗaya a soson bakin gaɓa da na can tsakiyar ruwa, gadonsu ɗaya ne ko suna kawai suka haɗa?

Tsari: wuri biyu, na kusa da gaɓa da na nesa. Kowane wuri soso biyar daga kowane nau'i, ruwa kwalba uku, yashin ƙasa uku.

Kuɗin da sashe ya ware mini riyal 20,000 ne. Jirgi 2,400, matata da bututai da itanol 1,300, akwatin sinadaran fitar da DNA 2,200, kayan PCR (hanyar ninka guntun DNA) 1,500, tantance nau'in soso 400, karanta haruffan DNA zagaye na farko 5,200. Ragowar 7,000 na zagaye na biyu ne, wato karanta dukkan DNA ɗin da ke cikin samfur, wanda a wurina shi ne zuciyar aikin.

Talata, 10 ga Satumba

Lambobi a jikin bututai, dafa wuƙaƙe da hantsaki a tukunyar tururi, tace ruwan teku lita goma don ɗauraye samfur. Tankin ruwan naitirojin na daskarar da samfur an cika shi.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ba mu fita ba. Iskar arewa maso yamma ta taso tun da asuba, matuƙin jirgi ya leƙa bakin tashar ya dawo ya ce ba zai kai masu nutso cikin wannan igiya ba. Ban yi gardama ba, rai ya fi samfur. Ba a caje ni kuɗin jirgi ba, amma naitirojin yana ƙafewa ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, sai an ƙara cikawa.

Talata, 17 ga Satumba

Wuri na farko, tudun murjanin kusa da gaɓa. Ruwa ya kwanta, ɗuminsa ya haura digiri 30 a sama, gishirinsa kuwa kusan giram 40 a lita, kamar yadda aka san Bahar Maliya da shi.

Ni ba na nutso. Masu lasisi biyu ne suka sauka, ni ina kan jirgi da tebur da safar hannu. Na roƙe su abu uku: su ɗauki hoton kowane soso kafin su taɓa shi, su yanki abin da bai wuce ɗan yatsa ba, su rufe shi cikin jaka tun a ƙarƙashin ruwa. Soso yana warkewa daga ƙaramin yanka, kuma manyan gangunan nan sun daɗe a duniya ƙwarai, ba zan so a illata ko ɗaya saboda takardar digirina ba. Na kuma ce su bar tazarar aƙalla mita goma tsakanin soso da soso, don kada mu ɗebo jiki ɗaya da ya rabu biyu mu ƙirga shi biyu.

Da jaka ta hau jirgi, ɗauraya uku da tataccen ruwa, don wanke ƙwayoyin da ke wucewa ta magudanan soson ba mazauna ba. Sai yanka uku: ɗaya cikin naitirojin, ɗaya cikin itanol, ɗaya ƙarami don tantance nau'i. Xestospongia yana da tauri, yana ƙaras-ƙaras a bakin wuƙa, cikinsa a cushe. Stylissa kuwa ruwa ne ya fi yawa, ana matsa shi sai ruwan lemo ya rina safar hannu.

Mataimakin matuƙin, wani dattijo, ya ji ina ƙirga da Hausa sai ya ce, "Ɗana, daga ina?" Ashe haifaffen Jidda ne, kakansa ya zo aikin hajji ta Sudan bai koma ba. Hausarsa gauraye take da Larabci amma garau ake ji. Shi ya nuna wa masu nutso gefen da gangunan suka fi yawa, inda tudun ya gangara zurfi. Da yana riƙe mini tankin ya ce, "To wannan abin, me zai yi wa mutane?" Na ce, "Kawu, akwai maganin sankarar mama da ake ba marasa lafiya yau, wanda aka ƙera bisa wani sinadari da aka fara samu a jikin soson Japan." Ina nufin eribulin, da aka amince da shi a Amurka a 2010, wanda asalinsa Halichondria okadai. Na ƙara masa da cewa a wani soson, Theonella swinhoei, ƙungiyar Jörn Piel ta nuna a 2014 cewa yawancin sinadaransa ba shi ke haɗa su ba, wata bakteriya ce mai suna Entotheonella da ke zaune cikinsa. Ya jinjina kai ya ce Allah ya ba da sa'a.

Ruwa lita biyu-biyu na tace a matata mai ƙofa maikiromita 0.22 da muka dawo. Kowace matata na raba ta biyu, rabi na aiki, rabi na ajiya.

Alhamis, 19 ga Satumba

Wuri na biyu, tudun nesa, tafiyar fiye da awa ɗaya. Ruwan ya fi haske sosai, matata ma ba ta toshe da wuri ba kamar ta gaɓa. Samfur ya cika: soso 20, ruwa 6, yashi 6. Komai ya shiga firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili kafin magariba.

Talata, 24 ga Satumba

Jiya hutun ranar ƙasa ne. Yau tantance nau'i.

Ba a gane soso da ido kawai. Ana narkar da ɗan yanki cikin bilic, tsoka ta tafi, a bar tsinkayen silika da ke riƙe da jikinsa, a wanke a duba a madubin ƙara girma. Na Stylissa tsinke ne mai tsini a gefe ɗaya, dunƙule a ɗayan, duk goman sun yi daidai. Na Xestospongia ma sun yi daidai da abin da littattafai suka siffanta.

Amma Malama, mai duba aikina, ta ja hankalina kan wani abu. Binciken da aka yi a Indonesiya ya nuna cewa abin da ake kira Xestospongia testudinaria ba nau'i ɗaya tak ba ne, akwai rassa da suka bambanta a gado alhali siffarsu kusan ɗaya. In gangunana na gaɓa reshe ɗaya ne, na nesa wani reshen, duk bambancin ƙwayoyin da na gani zan ɗora wa wuri alhali na mai gida ne. Kuma guntun DNA mai suna COI da aka saba tantance dabbobi da shi yana sauyawa a hankali ƙwarai a jikin soso, bai cika raba dangi na kusa ba. Ta ce in haɗa da wani guntun, ATP6. Na ce, "To Malama, zan sa shi cikin jerin." Kuɗin da na ware zai ɗauka, da ƙyar.

Talata, 1 ga Oktoba

Fitar da DNA. Niƙa tsoka da ƙananan duwatsun gilashi a injin girgiza, sannan matakan akwatin bi da bi. Na haɗa da bututu huɗu da ban sa musu komai ba sai sinadaran, su ne shaidu.

Xestospongia ya ba da DNA mai yawa, mai tsabta, ma'aunin tsabta na 260 bisa 280 yana wajen 1.8, yadda ake so. Na Stylissa ya fito da ɗan launin rawaya a ƙasan bututu, ɗaya ma'aunin tsabtar, 260 bisa 230, kuwa ya faɗi ƙasa da 1. Alama ce wani abu ya biyo DNA ɗin.

Alhamis, 3 ga Oktoba

PCR na farko, kuma Stylissa ya ƙi.

Ga abin da ake yi, don wanda bai saba ba. Kowace bakteriya da arkiya tana da wata ƙwayar gado da ake kira 16S, tsawonta haruffa wajen 1,500. Wasu sassanta kusan iri ɗaya ne a kowa, wasu suna bambanta daga dangi zuwa dangi. Ana amfani da firaima biyu, wato gajerun guntayen DNA masu suna 515F da 806R, su kama gefe da gefe na sashen da ake kira V4, mai haruffa wajen 253, injin ya yi ta ninka shi har ya isa a karanta. In ya yi, ana ganin layi mai haske a kan jel, faifan da ake duba DNA a cikinsa.

Xestospongia layi goma reras. Ruwa da yashi duk sun fito. Stylissa, biyu ne suka nuna wani dishi-dishi, takwas babu komai.

Dalili biyu ne za su iya jawo haka, kuma maganinsu ya saɓa wa juna. Ko dai DNA ɗin bakteriya ya yi kaɗan, tunda soson mai ƙarancin ƙwayoyi ne kuma yawancin abin da na fitar na soson kansa ne, sai a ƙara yawa. Ko kuma akwai abin da ke danne inzayim ɗin da ke ninkawa, sai a rage. Stylissa carteri sananne ne da sinadarai masu burom, irin su hymenialdisine, ga launi, ga majina mai yauƙi. Don in raba gardama, na ɗauki DNA ɗin wata bakteriya da na san tana fitowa kullum, na zuba kaɗan a cikin samfurin Stylissa, na sake PCR ɗin. Ita ma ta ɓace. Ke nan danniya ce.

Na ji takaici, domin rabin tambayata a kan wannan soso take. Amma gara sanin ciwon da lalube.

Talata, 8 ga Oktoba

An samu. Wanke DNA da ƙwayoyin maganaɗisu, tsarma shi kashi ɗaya cikin goma, sannan ɗigon furotin BSA a cikin haɗin don ya janye masu danniya. Goma cikin goma sun fito, ko da yake sai da na ƙara zagayen injin daga 25 zuwa 30. Ƙarin kuɗi riyal 300.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Wannan ce babbar matsala zuwa yanzu. Da na yi wa komai PCR a zagaye 30 don kowa ya sha magani ɗaya, sai ga layi a bututun shaida. Siriri, amma yana nan, a duka huɗun. Bututun da ba a sa masa komai ba bai kamata ya haifi komai ba.

Kwana biyu ina bin sawu. Ruwan PCR shi kaɗai, tsaf. Firaima, tsaf. Inzayim, tsaf. Na goge teburi da bututan awo, na kunna fitilar kashe ƙwayoyi, na sake, shaidar PCR tsaf, shaidar fitarwa da layi. Saura abu ɗaya: sinadaran akwatin fitar da DNA. Na yanko layin daga jel na aika a karanta, ya dawo Ralstonia. Wannan bakteriyar ruwan daɗi ce da ƙasa, tana cikin sunayen da wani bincike daga Ingila ya lissafa a 2014 a matsayin masu fakewa cikin sinadaran ɗakin gwaji. Babu abin da ya kai ta jikin soso a ruwan gishirin 40.

Wani abokin aiki ya ce in bar shi haka, in sakamako ya zo in share Ralstonia a kwamfuta. Mutane da yawa haka suke yi, kuma da Xestospongia kaɗai nake aiki da na yarda, domin ƙwayoyinsa sun yi yawan da wannan ɗigo ba zai ji a jikinsu ba. Stylissa ne abin tsoro. Ƙwayoyinsa kaɗan ne, na kuma tsarma shi sau goma, na ƙara zagaye. A irin wannan hali gurɓata kan ci babban kaso. Kuma Ralstonia ita ce wadda na gani, ban san su wa ke bayanta ba. Aikin nan gaba ɗaya ƙirga iri-irin mazauna ne. In na ƙirga baƙin kwalba a cikinsu, zan fito in ce Stylissa yana da bambancin da ba shi da shi, wani ya karanta ya gina a kai.

Na kai wa Malama. Ta duba hoton jel ta ce, "Akwai sauran tsoka?" Na ce akwai, har da rabin matata. Ta ce a sake daga farko da sabon akwati mai lambar rukuni daban. Riyal 2,200 daga kuɗin zagaye na biyu. Na rubuta wa kamfanin da ya sayar mana, da hotuna da lambar rukuni.

Laraba, 16 ga Oktoba

Jiran akwati. Sakamakon COI da ATP6 ya dawo: gangunan goma duk jeri ɗaya. Alhamdu lillahi, wannan damuwar ta kau.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Akwati ya iso Lahadi. Sake fitarwa kwana uku, wannan karon na cakuɗa jerin samfur, ban yi nau'i ɗaya a rana ɗaya ba, don kada bambancin rana ya shige rigar bambancin soso. Shaidu tsaf a jel har zagaye 35. Duk da haka za su tafi karatu tare da sauran.

Laraba, 30 ga Oktoba

Manna wa kowane samfur lambarsa ta DNA, daidaita yawa, haɗawa a bututu ɗaya. An miƙa wa masu injin karanta DNA, MiSeq. Sun ce mako biyu zuwa uku.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Firizar da tsokar ajiyata ke ciki ta mutu cikin dare. Ƙararrawa ta yi ƙara, mai gadi ya kira ma'aikacin da ke kan aiki, amma kafin a kwashe kaya zuwa wata firizar sanyin ya ragu zuwa wajen digiri 25 ƙasa da sifili. Ba abin da ya narke.

DNA yana jure wannan. RNA, kwafin da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki, shi ne ba ya jurewa da tabbas, kuma na so in ajiye wani ɓangare don duba waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a lokacin da aka yanko soson, ba waɗanda ke nan kawai ba. Na cire wannan daga shiri. Ko ba don firiza ba kuɗin ba zai kai ba, amma da na so ya zauna don wanda zai zo bayana. Daga yau ajiyata ta rabu firiza biyu a ɗaki biyu.

Talata, 19 ga Nuwamba

Bayanai sun iso. Inganci mai kyau, babu samfurin da ya faɗi. Na sa su a manhajar DADA2, wadda ke ware kowane jeri daban ko da harafi ɗaya ya raba su, maimakon tsohuwar hanyar tara duk masu kama da juna kashi 97 a buhu ɗaya. Sunaye daga rumbun SILVA. Shaidu sun ba da karatu ƙalilan, kuma abin da ke cikinsu bai bayyana a soso da wani yawa ba.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na zana taswirar kamanni, inda kowane samfur ɗigo ne, masu kama da juna suna matsowa kusa. Gungu huɗu suka fito, ba sai an lalubo ba: ganguna goma a gefe, Stylissa goma a wani gefe, ruwa, yashi. Gangar gaɓa ta fi kama da gangar nesa, mai tazarar awa guda a jirgi, fiye da Stylissa da ke maƙwabtaka da ita a kan dutse ɗaya, suna shan ruwa ɗaya. Na san littattafai sun faɗi haka. Babban binciken da Torsten Thomas da abokansa suka buga a 2016, kan nau'in soso 81 daga tekuna daban-daban, ya nuna mai gida ne kan gaba wajen tsara mazauna. Amma gani ya kori ji. Na daɗe ina kallon allon.

Cikin ganga akwai taro: Chloroflexi da yawa, Acidobacteria, Actinobacteria, Proteobacteria iri-iri, Nitrospira, da arkiya masu cin amoniya. Babu wanda ya mamaye, kowa da kasonsa. Waɗannan biyun na ƙarshe aikinsu a haɗe yake. Soso yana fitar da amoniya a matsayin ƙazanta, arkiya su mai da ita naitirait, Nitrospira su ƙarasa ta zuwa naitiret. Irin wannan arkiya ce aka fara siffantawa a 1996 daga wani soson gaɓar Kalifoniya, aka sa mata Cenarchaeum symbiosum. Akwai Poribacteria ma, dangin da aka gano a 2004 a jikin Aplysina aerophoba na Bahar Rum, wanda sunansa ma daga soso aka ciro shi. Kasonsu a wurina kaɗan ne, kuma ba zan dogara da adadin ba, domin firaima ba ta kama kowane dangi daidai wa daida.

Stylissa wata duniya ce daban. Jeri 'yan kaɗan na Gammaproteobacteria sun cinye mafi yawan karatun, sai Synechococcus wanda yake da yawa a ruwan ma, mai yiwuwa abincin da ɗauraya ba ta fitar ba ne. Abin lura shi ne waɗancan 'yan kaɗan ɗin da ƙyar ake ganinsu a ruwa. Ke nan ƙarancin ƙwayoyi ba ya nufin ƙofa a buɗe take. Shi ma yana zaɓe, mutanensa ne kawai ba su da yawa.

Wani abu da na yi ta dubawa: wasu jerin ganga sun bayyana a ruwa, karatu ɗai-ɗai. A 2002 Ute Hentschel da abokanta sun nuna akwai dangogin bakteriya da ake samu a soso na tekuna masu nisa da juna, aka riƙa kiransu na soso kaɗai. Da injinan karatu suka ƙara zurfi, sai aka riƙa tsintar wasunsu a ruwa da yashi, kaɗan-kaɗan. Wannan ya buɗe hanya biyu: wasu ƙwayoyin uwa ce ke ba ɗanta tun yana ƙwai ko tsutsa mai iyo, an tabbatar da haka a nau'o'i da dama, wasu kuma mai yiwuwa ƙaramin soso ne ke tsamo su daga ruwa. Bayanaina ba za su raba waɗannan biyun ba. Ɗigon da na gani a ruwa zai iya zama iri mai jiran gida, zai iya zama abin da gangar da ke kusa ta furzar.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Tambaya ta biyu, kuma a nan 16S ya kai iyakarsa.

A cikin ganguna, na sami wasu Chloroflexi da jerinsu ya zo biyu-biyu, harafi ɗaya ya raba su, ɗaya ya fi yawa a gaɓa, ɗayan a nesa. Zuciyata ta so in ce ga shi, wuri yana raba rassa. Amma soso biyar-biyar ne, kuma harafi ɗaya cikin 253 ba hujja ba ce mai ɗaukar nauyi. Ƙwaya ɗaya ma tana iya ɗaukar kwafin 16S fiye da ɗaya masu ɗan bambanci. Ta ɗaya gefen kuma, waɗanda jerinsu ya zo iri ɗaya sak a wurare biyun ba lallai gadonsu ya zama ɗaya ba. Kundin gadon bakteriya haruffa miliyoyi ne, biyu za su iya daidaita a wannan guntu su bambanta da ɗaruruwan ƙwayoyin gado a sauran. Karatun 16S kamar tsayawa ne a ƙofar kasuwa kana tambayar kowa sunan garinsu: za ka san daga ina aka zo, ba za ka san sana'ar kowa ba, balle ka raba wa da ƙane.

Wannan ya sa nake sake tunanin abin da Montalvo da Hill suka buga a 2011, cewa Xestospongia muta na Fulorida da testudinaria na Indonesiya suna ɗauke da al'ummar bakteriya masu kama da juna ƙwarai, duk da nisan da ke tsakaninsu. Sakamako ne mai ƙarfi, kuma da 16S aka same shi. Abin da nake son sani yana ƙarƙashin wannan: in an buɗe kundin gaba ɗaya, kamannin zai tsaya, ko kowane wuri ya sassaƙa nasa reshen? A ganina a nan ainihin bambancin gadon yake, kuma jerin sunaye, komai tsawonsa, share fage ne.

Laraba, 4 ga Disamba

Zama da Malama kan zagaye na biyu. Za a karanta dukkan DNA ɗin da ke cikin samfur ba tare da firaima ba, sannan a harhaɗa gutsattsarin a kwamfuta a ware kundin kowace ƙwaya.

Ragowar kuɗi riyal 4,500. Kowane samfur wajen 750, ke nan shida maimakon tara. Na so in raba tsakanin nau'i biyun, Malama ta ce a'a, kuma hujjarta ta fi tawa. A Stylissa yawancin abin da injin zai karanta DNA ɗin soson ne, kuɗin zai tafi a kan mai gida. Ganguna shida, uku daga kowane wuri, waɗanda DNA ɗinsu ya fi tsawo a jel. Kafin aikawa zan gwada raba ƙwayoyin bakteriya daga na soso: murje tsoka cikin ruwan gishiri marar kalsiyam da magniziyam don ƙwayoyin soson su saki juna, tacewa, sai juyi a hankali a zubar da manyan, juyi da ƙarfi a tara ƙananan.

Kundin da zan karɓa sai ya cika aƙalla kashi 90, gurɓatarsa ƙasa da kashi 5, bisa awon manhajar CheckM. Masu kama da juna kashi 95 zuwa sama zan ɗauke su nau'i ɗaya, sannan in shiga cikinsu harafi-harafi in ga ko na gaɓa da na nesa sun rabu. Zan fara da Chloroflexi ɗin nan masu zuwa biyu-biyu. Zan kuma nemi ƙwayoyin gadon da aka san sun yi yawa a mazauna soso: masu maimaicin ankirin, waɗanda ake ganin suna taimaka musu kauce wa narkarwa, da CRISPR na kariya daga bairos, da manyan gungun haɗa sinadarai.

Gwajin rabuwa Lahadi, a kan ragowar tsokar ganga ta uku, wadda ta fi yawa. In ya yi, fitarwa Talata, aikawa kafin 15 ga wata. Na nemi gurbi a babbar kwamfutar sashe na watan Janairu, domin tawa ba za ta iya harhaɗawar ba. Stylissa zai jira tallafin da zan nema a zango mai zuwa, takardar neman tana hannun Malama.